Karkarwa, Sababi da Ƙaddara

A ƙasar Kankiya da Kusada, idan hannun dattijo ya soma rawa alhali yana zaune bai ɗauki komai ba, sai a ce tsufa ne, ko sammu, ko iska. Kawuna manomi ya sha duk waɗannan zantuka, har wasu suka daina sa hannu a kwanon tuwo ɗaya da shi, kafin likitan ƙwaƙwalwa a Kano ya ce cutar da James Parkinson ya siffanta a Landan a 1817 ce.

Masu gudun kwanon sun zalunce shi, don ba a taɓa tabbatar da cewa cutar na tsallakawa daga mutum zuwa mutum ba. Amma tana yaɗuwa a cikin mutum ɗaya, kuma a nan tunanina ya maƙale.

Akwai wani furotin a ƙwaƙwalwa, alfa-sinukilin, wanda kowa ke da shi. Wani lokaci yakan naɗe ba daidai ba, ya dunƙule, ya kuma sa lafiyayyen da ya taɓa ya naɗe irin tasa. A 2008 aka duba ƙwaƙwalwar wasu majinyata da suka rasu shekara goma da ɗoriya bayan an dasa musu sabbin ƙwayoyin jijiya. Sai ga dunƙulen a cikin baƙin ƙwayoyin da suka shigo lafiya lau. Ta ina ya bi? Ɗaya daga cikin hanyoyin da ake zato ita ce wasu 'yan ƙunsoshi da ido ba ya gani, waɗanda ƙwayoyin jiki ke fitarwa su aika wa juna, kamar yadda matan gida ke aika yaro da ƙunshi gidan maƙwabta. A 2010 aka nuna cewa furotin ɗin na fita a cikinsu. Hanyar da aka halitta don zumunci da fid da shara, ita ce ke kai ɓarna, har ta cinye ƙwayoyin da ke samar da dofamin, sinadarin da ke daidaita motsi.

Wani balaraben ƙauye ya taɓa kawo wa Manzon Allah (SAW) hujjar raƙumansa a kan yaɗuwar cuta: lafiyarsu ƙalau, sai mai ƙazwa ya shiga cikinsu, duk su kamu. Manzo ya mayar masa da tambaya game da raƙumin farko, wanda babu wanda ya shafa masa. Wasu na ɗaukar wannan a matsayin musanta sababi. Ni ban fahimce shi haka ba, tunda shi ne kuma ya hana a haɗa raƙuma marasa lafiya da lafiyayyu a mashaya. Sababi gaskiya ne, sai dai shi ma bawa ne, ba ya cin gashin kansa.

Binciken ƙwaƙwalwa ya tsaya a kan wannan gaɓa. An gano ɗan aiken, an gano ƙunshin, amma a yawancin majinyata ba a san abin da ya naɗe furotin na farko ba. Gado yana bayyana kaɗan ne daga ciki. Wannan jahilci ba izinin naɗe hannu ba ne, kuma ba izinin ɗora wa kishiya ko maƙwabci laifi ba ne. Ina jin zafin yadda muke cike gurbin abin da Allah bai sanar da mu ba da sunan wani bawan Allah, alhali lebodofa, maganin da ke sassauta karkarwar tun shekarun 1960, yana nan, ko da yake ba ya tare ƙunsoshin, kuma kuɗinsa na wata-wata ya fi ƙarfin manomi da yawa.