Jinyar Wanda Cutarsa Ta Fi Ƙarfin Magani

A La Courneuve, arewa da birnin Faris, inda dogayen benaye suka tara 'yan ci-rani daga ƙasashen Magrib da Afirka ta Yamma, wata mas'ala takan taso duk sa'ad da likita ya shaida wa iyali cewa cuta ta gagari magani, sai dai a sassauta raɗaɗi: shin yarda da wannan yanke ƙauna ne daga rahamar Ubangiji, ko kuwa tawakkali? A ganina tawakkali ne, domin ajali ba ya hannun likita, kuma rage wa majinyaci azaba ihsani ne.

Dokar Faransa ta 1999 ta mai da irin wannan kulawa haƙƙin majinyaci, amma wanda yake zama da dangi har su fahimta, galibi ma'aikacin jin daɗin jama'a ne. Cicely Saunders ma, wadda ta kafa gidan jinya na St Christopher a Landan a 1967, ta yi wannan aiki kafin ta zama likita.

Saboda haka duk wanda za a horar domin hidimar iyalan da ke zirga-zirga zuwa asibitin Avicenne na Bobigny, wanda aka buɗe wa Musulmi a 1935, wajibi ne a sanar da shi abin da ke hana dattijo barci: bashin da bai biya ba, da wasiyyar da bai furta ba, da wanda zai laƙƙana masa kalmar shahada, da kuma ko za a mai da gawarsa gida ko a rufe shi a maƙabartar Musulmi ta Bobigny.