Farin Da Ke Tsakiyar Tuta

Kullum muna wuce tutar Nijeriya a ƙofar makaranta da ofishi, amma kaɗan ne daga cikinmu suka san labarinta. A shekara ta 1959 wani saurayi mutumin Ibadan, Taiwo Akinkunmi, yana karatu a birnin London, ya ga sanarwar gasa cikin jarida, ya aika da nasa zane. Nasa aka zaɓa, aka ba shi fam 100. Da fari ya sa jar rana a tsakiya, amma alƙalan gasar suka cire ta, ya rage kore, fari, kore. Ran 1 ga Oktoba 1960 aka sauke tutar Ingila a filin sukuwa na Ikko, aka ɗaga wannan.

Koren nan noma ne da albarkar ƙasa. Farin kuwa salama ne, an kuwa sa shi a tsakiya. Iyayenmu mata masu wanki sun sani, babu tufar da ta kai fara saurin ɗaukar dauɗa. Shekara bakwai ba ta cika ba sai yaƙin basasa ya tashi a 1967, bai ƙare ba sai 1970. Gonaki suka zama saura, yara da yawa suka mutu da yunwa. Har yau akwai ƙauyuka a arewa inda damina ta kan sauka, iri yana cikin rumbu, amma tsoron 'yan bindiga ya hana manomi fita.

Cikin Littafin Lissafi sura 2 mun ga kabilan Isra'ila sun sauka a jeji, kowa wajen tutarsa. Allah bai hana su tutocinsu ba, amma alfarwa ta sujada ce a tsakiya, dukansu suna kewaye da ita. Mu fa? Da kunya mu ke faɗi, a waɗansu ekklesiyoyinmu in an zo zaɓen dattawa, kabilar mutum a kan fara tambaya kafin halinsa. Mu kan fito kuma muna zargin masu mulki da nuna bambanci.

Saboda haka muna roƙon kowane fasto, ran Lahadin da ke kusa da 1 ga Oktoba, kafin a yi wa ƙasa addu'a, a kira ƙauyukan da suka rasa noma bana da sunayensu. Wanda kuma ya ke da jayayya da ɗan'uwansa na wata kabila, ya same shi tun ran Asabar.