Addini da Fahimtarsa a Tunanin Sorush

Abdulkarim Sorush, masanin falsafa ɗan Iran wanda ya fara da karatun haɗa magunguna a Tehran, ya bambanta addini, wanda ba ya canzawa, da fahimtar addini, wadda ilimi ce ta ɗan Adam mai faɗaɗa ko ƙuntata gwargwadon sauran ilmukan zamaninta. Habbatus sauda ta isa misali, domin hadisi ya ambaci waraka a cikinta, amma gwada man da aka tatso daga ƙwayarta a kan bakteriya, wato ƙananan halittun da wasunsu ke haddasa cuta, shi ke nuna waɗanda yake hana yaɗuwa; hadisin bai canza ba, amma fahimtarsa na iya canzawa da sakamakon gwajin. Malaman da suka soki Sorush sun ji tsoron kada ra'ayinsa ya raunana hukunce-hukuncen fiƙihu, kuma damuwarsu ta cancanci a saurare ta.