Bikin da Aka Gina da Tubalin Kwamfuta

Da daren 30 ga Yulin 2020, jajibirin Babbar Sallah, Musulmin Manchester sun gama cefane, wasu ma tukunya na kan wuta, sai gwamnatin Birtaniya ta sanar cewa daga tsakar dare an hana mutanen gidaje daban-daban haɗuwa a gidan juna, saboda annobar korona. Wanda ya san Rusholme ya san nauyin wannan magana. Unguwa ce da Sallah ke fitowa titi. A shekarun lafiya dubban mutane ne ke sallar Idi a filin Platt Fields, da daddare kuma titin Wilmslow, wanda ake wa laƙabi da Curry Mile saboda yawan gidajen abincinsa, ya cushe da motoci da samari da ƙarar hon.

A cikin watan ne kuma masu shirya bikin fasaha na Manchester International Festival suka buɗe wani katafaren gini da magina ba su ko kusa gamawa ba. A cikin wasan Fortnite aka buɗe shi. LaTurbo Avedon, mai fasahar da ba a ganinta sai a siffar kwamfuta, ita ta shirya baje kolin da ke ciki, kowa ya shiga daga ɗakinsa ya zagaya. Ginin siminti da ƙarfe, wanda yanzu ake kira Aviva Studios, sai a 2023 ya buɗe ƙofa. Kwafi ya riga asali zuwa duniya da shekara uku.

Irin wannan aiki ya fi yawa a Minecraft, wasan da Markus Persson ɗan Suwidin ya fito da shi a 2009, Microsoft ya saye shi a 2014 kan dala biliyan 2.5, aka kuma sayar da kwafinsa sama da miliyan 300 zuwa 2023. Komai a cikinsa da tubali mai kusurwa ake gina shi, kowane tubali a matsayin mita ɗaya tsawo da faɗi da tsayi. Gidan zane na Tate ya mayar da wasu zane-zanensa filayen da ake yawo a cikinsu a 2014. A Maris na 2020 ƙungiyar kare 'yan jarida ta RSF ta gina ɗakin karatu a cikin wasan, ta zuba rubuce-rubucen da wasu gwamnatoci suka haramta, har da na Jamal Khashoggi. Wannan ba shi da wuyar fahimta, domin rubutu ba ya rasa komai idan aka kwafe shi.

Kayan biki kuwa daban ne, kuma Manchester ta ga misali mai kyau a Yulin 2021. Marta Minujín, 'yar Ajantina, ta kwantar da siffar hasumiyar Big Ben mai tsawon mita 42 a dandalin Piccadilly Gardens, ta lulluɓe ta da littattafan siyasa 20,000. Motar bas ɗaya ce daga Rusholme. Da biki ya zo ƙarshe aka kwance littattafan aka raba wa jama'a kyauta, kamar yadda ta yi a Buenos Aires a 1983 da littattafan da mulkin soja ya hana karantawa. Yaro ɗan shekara goma zai iya jera tubali 42 a Minecraft ya kwantar da tasa hasumiyar kafin la'asar, ya sa agogon a inda ya dace. Amma wace hasumiya ya gina? Ta Minujín an yi ta ne domin ta watse, littattafanta su shiga gidajen mutanen da ba su san juna ba. Rabon shi ne aikin. Ta yaron za ta zauna cif, ba mai cire mata ko shafi ɗaya ya tafi da shi gida.

Iyaye Musulmi idan suka ga ɗa yana irin wannan gini, tambayar da ta fi saurin zuwa musu ita ce ta hoto. A nan magana gajera ce. An ruwaito Abdullahi ɗan Abbas ya shawarci wani mai sana'ar zane da ya koma zana itatuwa da abin da ba shi da rai, kuma malamai da yawa sun yi sassauci kan kayan wasan yara bisa hujjar 'yar tsanar Nana A'isha. Hasumiya da ganuwa da rumfar biki ba su shiga saɓanin ba ma.

Tambayar da ta fi zurfi ita ce ta wuri da lokaci, kuma fiƙihu ya daɗe da rarrabe ayyuka a kan wannan. Akwai ibadar da ake yi ko'ina, kamar zikiri da karatu. Akwai wadda aka ɗaure ta da wani wuri, ko wata rana, ko taron jama'a. Shi ya sa a Maris na 2020 Majalisar Fatawa ta Turai ta ce Juma'a ba ta inganta ta bin liman a talabijin ko intanet, a yi Azahar a gida. Da Saudiyya ta ƙaddamar da shirin kallon Hajarul Aswad ta tabarau na kwamfuta a ƙarshen 2021, hukumar addini ta Turkiyya, Diyanet, ta ce wannan ziyarar ba laifi, amma ba Hajji ba ce.

Abin da ke bayan wannan hukunci ya fi hukuncin kansa ban sha'awa. Duwatsun Ka'aba sun sha canzawa. Kuraishawa sun sake gina ta, Abdullahi ɗan Zubairu ya sake, Hajjaju ya rushe wani sashe ya mayar, Sarki Murad na Huɗu ya sake ginawa a 1630 bayan ambaliya. Lokacin da ɗan Zubairu ya sauke bangon har ƙasa, ginshiƙai ya kafa ya rataya labule, mutane suka ci gaba da fuskantar wurin. Alƙibla ba ta bi duwatsun da aka kwashe ba. Ke nan abin da ya sa Ɗakin ya zama Ɗaki ba ya cikin siffarsa, kuma siffa kaɗai mai kwafi ke iya ɗauka. An kuma ruwaito cewa da wani halifan Abbasiyawa ya so ya sake rushe ta ya mayar da ginin ɗan Zubairu, Imam Malik ya roƙe shi ya bari, kada Ɗakin ya zama abin wasan sarakuna, wannan ya rusa wancan ya gina, kwarjininsa ya fita daga zukata. Minecraft kuwa duniya ce da rushewa ba ta da tsada ko kaɗan: danna ɗaya, tubali ya ɓace.

Duk da haka kuskure ne a ce kwafi aikin banza ne, kuma Hausawa suna da hujjarsu a Jos. A gidan tarihin gine-ginen gargajiya da masanin gini ɗan Folan, Zbigniew Dmochowski, ya assasa, an gina kwafin Masallacin Juma'a na Zariya da wani yanki na ganuwar Kano, da laka da azara. Asalin masallacin aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu ne a wajen shekarun 1830. An yi masa sauye-sauye masu yawa a ƙarni na 20, sannan a Agustan 2023 wani ɓangarensa ya rufta a kan masallata, aka rasa rayuka. Ba wanda ya taɓa cewa na Jos shi ne masallacin Zazzagawa. Amma magina da suka ɗaga bakan gizonsa sai da suka auna, suka gane dalilin da ya sa kowace azara ta kwanta inda ta kwanta, ilimin ya zauna a hannunsu.

Nan ne ladan ginin Minecraft yake, idan yana da lada. Ɗan Bahaushen da aka haifa a Rusholme ko Small Heath ta Birmingham, wanda Kano a wurinsa hutu ne na 'yan makonni, idan ya ce zai gina Ƙofar Kudu dole ya tambayi Babansa ko Hajiya ina Sarki ke tsayawa, ta ina dawakai ke shigowa, me ya sa ake zanko a kan soro. Tun 2022 wasan yana da tubalin laka, kuma sai an cuɗa lakar da alkama kafin a yi shi, abin da kowane magini zai gane. Akwai dawakai, akwai sulken fata da ake rinawa. Inda zai sha wuya shi ne lanƙwasa, domin ginin Hausa ba ya son kusurwa mai kaifi, wasan kuma ba shi da wata sai ita. Bakan gizo zai fito masa kamar matakala, daga nan zai fara ganin abin da hannun magini ke yi.

Haɗarin yana wajen manya. A Disamban 2024 UNESCO ta sa Hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya, alhali an soke hawan a 2020 saboda annoba, 'yan sanda suka hana shi a Babbar Sallar 2024 da Ƙaramar Sallar 2025 a tsakiyar rikicin sarauta. A irin wannan yanayi kalmar adanawa tana da daɗin ji, kuma kwafin kwamfuta ya fi ciyar da doki araha nesa ba kusa ba. Sai dai Hawan Daushe ba jerin riguna da lifidi ba ne kawai. Hakimai ne ke zuwa da jama'arsu su yi jahi su nuna mubaya'a, talakawa su ga Sarkinsu ido da ido, badukai da maɗinka da masu kalangu su ci abincin shekara. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ke shiga tubali.

Ita ma dawwamar da ake yi wa kwafin zato tana hannun kamfani. Minecraft Earth, reshen wasan da ya ba mutane damar dasa gine-ginensu a kan titunan gaske ta kyamarar waya, a ƙarshen 2019 ya fito. Kamfanin ya rufe shi ranar 30 ga Yunin 2021, yana mai kafa hujja da annobar da ta hana mutane fita, kuma daga ranar ba wanda ya sake iya buɗe abin da ya gina a ciki.