Shawarar Maƙwabci Kirista Kan Renon Yara: A Karɓa Ko A Mayar?



Akwai tambayar da ake yawan kawo mini, wani lokaci bayan sallar isha'i, wani lokaci a bakin rumfa ana tsaka da awo. Mace ce maƙwabciyarta 'yar Zumuntar Mata ta ba ta shawara kan yaronta mai ƙiriniya, ta gwada, ta ga amfani, sai kuma zuciyarta ta ƙi kwanciya. Ko magidanci ne ya ji fasto yana wa'azi kan tarbiyya a wajen bikin abokin cinikinsa, maganar ta shige shi, ya dawo yana tambaya: Malam, ya halatta in ɗauki wannan, alhali daga bakin wanda ba Musulmi ba ta fito?

Tambayar ba ta wasa ba ce a gari irin Obi. Wanda ke zaune a cikin birnin Kano ko Katsina zai iya shekara bai ji abin da ake faɗa a coci ba. Mu kuwa katanga ɗaya ce tsakaninmu da su. Muna cikin Alago da Migili da Eggon da Tibi, wasunsu Musulmi, wasunsu Kirista, rijiya ɗaya, kasuwa ɗaya, yaranmu kuma fili ɗaya suke buga ƙwallo. Kuma ba jiya suka fara ba. Aikin mishan da ya haifi cocin ERCC, wadda hedikwatarta take Alushi kusa da Akwanga, ya soma a ƙasar nan tun 1916. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa ya fito a 1932. Wato da harshenmu da yawansu suke wa'azi da waƙa da koyar da yara, shi ya sa maganar take shigo mana gida ko ba mu gayyace ta ba.

To me suke faɗa? Abin da na fi ji a bakinsu shi ne, kada a bar tarbiyya a hannun coci kaɗai. Suna so uba ya tara iyalinsa da safe ko da dare, a karanta ɗan abu kaɗan, a tambayi yaro me ya gane, a yi addu'a. A makarantar Lahadi suna raba yara gwargwadon shekaru, a ba su aya guda su haddace tare da ma'anarta. Littafinsu na Karin Magana, wanda suke dangantawa ga Annabi Sulaimanu, ya yi maganar a ɗora yaro kan hanya tun yana ƙarami, ya kuma yi maganar bulala. Amma a wasiƙar Bulus zuwa ga Afisawa an ja kunnen iyaye maza kada su tsokani 'ya'yansu har su cusa musu fushi. Daga nan fastocinsu ke cewa kada ka daki yaro kana cikin fushi, kuma ka gaya masa laifinsa kafin horo.

Masu cewa a mayar musu da abinsu suna da hujja, kuma ban raina ta ba. Suna tsoron kamanceceniya da wasu a addini, wadda aka hana mu. Suna cewa yau ka ɗauki shawara, gobe ka ɗauki waƙa, jibi yaro ya rasa inda iyaka take. Wanda ya ga yadda ɗan shekara biyar yake haɗiye duk abin da ya ji ba zai ce wannan tsoro na banza ne ba.

Sai dai akwai hadisi a Muwaɗɗa ta Imamu Malik da Sahihu Muslim, ta hanyar Judama 'yar Wahbu, wanda ya dace da maganar nan kamar don ita aka ruwaito shi. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi niyyar hana miji kusantar matarsa tana shayarwa, don gudun cutar da abin goyo, abin nan da mu ma muke gudu saboda kwanika. Sai ya duba ya ga Rumawa da Farisawa suna yi, 'ya'yansu ba sa cutuwa, ya fasa hanin. Rumawan zamanin Kirista ne, Farisawa kuwa majusawa. Ku lura, kan lafiyar jarirai ne, kuma abin da ya gani a wajen waɗanda ba Musulmi ba ya yi la'akari da shi. Bayan yaƙin Badar ma, fursunonin da ba su da kuɗin fansa an sa kowannensu ya koya wa yara goma na Madina rubutu. Mushirikai ne, aka ba su yaran Musulmi su koyar.

Abin da na fahimta ke nan: akwai aƙida da ibada, akwai kuma dabara. Wa za a roƙa, da sunan wa, yaya za a yi salla, wannan ba a aro, ba a musanye. Amma yadda ake zaunar da yaro ya saurara, da yadda ake tsawatarwa ba tare da an karya masa zuciya ba, wannan sana'a ce kamar noman doya, wanda ya iya sai a kalli hannunsa. Ita kanta Islamiyyar da muka yi, mai benci da aji-aji da allon bango da jarrabawa, ai kakanninmu ba haka suka yi karatu ba. Tsarin makarantar boko aka ɗauko aka zuba Ahalari da Ishmawi a ciki, ba wanda ya ce mun bar addini.

Abin da ya fi damuna ma wani ne daban. Yawancin abin da ke burge mu a bakin fasto yana nan a littattafanmu, mu ne muka ajiye. Suratu Luƙman uba ne zaune yana yi wa ɗansa magana da lallashi, daga tauhidi har yadda ake tafiya da yadda ake sassauta murya. Anas ɗan Malik ya yi wa Annabi hidima shekara goma tun yana yaro, bai taɓa jin tsawa daga gare shi ba. Da Aƙra'u ɗan Habis ya ga Annabi ya sumbaci jikansa Hasan, ya ce shi 'ya'yansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, Annabi ya nuna masa cewa wanda ba ya jin ƙai ba za a ji ƙansa ba. Hadisin salla da kowa ya haddace ya ce a umarci yaro yana ɗan bakwai, duka sai ya kai goma. Shekara uku ke nan na koyarwa da haƙuri, sau biyar kullum. Mu kuwa mun riƙe ƙarshen hadisin mun saki farkonsa. Ɗan shekara huɗu ana zabga masa dorina don ya kasa biya karatu.

Ga kuma kunyar ɗan fari. Uba ba ya kiran sunansa, ba ya wasa da shi, uwa tana kawar da kai. A can gida abin yana da magani, domin akwai kaka da gwaggo da baffa da za su janye yaron su ba shi abin da iyaye suka hana. A nan wa ke gare shi? Da yawanmu daga mu sai matanmu muka zo. Uban ya fita tun asuba zuwa kasuwar Agyaragu ko Daddare neman doya da riɗi da agushi, ya dawo yara sun yi barci. An ɗauko kunyar, an baro kakar a Arewa. Wannan al'ada ce, ba na zagin ta, amma ban san littafin fiƙihun da ya wajabta ta ba.

Inda muka rabu da su kuma a faɗe shi a fili, ba tare da cin mutunci ba. Koyarwar coci ita ce ɗan Adam yana zuwa duniya da gadon zunubin Adamu, yana bukatar ceto. Mu a wajenmu kowane jariri a kan fiɗira ake haihuwarsa, da tsarkinsa, iyaye ne ke juya shi, alƙalami ma ba ya hawa kansa sai ya balaga. Wannan ba ƙaramin bambanci ba ne, kuma idan kun duba, mu ya fi ɗaurewa. Tunda mun yarda yaro da tsabta ya zo, to ƙaryar da yake yi yana ɗan shekara shida a ina ya samo ta? A wajen wanda ya ce masa, je ka ce wa mai bin bashi ba na nan.

Kada kuma wani ya ɗauka gidajensu aljanna ce. Fastoci na kuka da abin da limamai ke kuka da shi: waya, cacar ƙwallo, ƙwaya. Mai sayar da ƙwayar nan ba ya tambayar yaro addininsa. Waɗanda suka ga rikicin 2001 da na 2013 a yankin nan sun san su wa ke ɗaukar makami: samari ne, waɗanda shekara goma kafin nan yara ne da ake iya zaunarwa a yi musu magana.

Saura yaron da ya dawo daga makaranta ko gidan maƙwabta yana rera waƙar coci, domin wannan ma an tambaye ni. Kada a mare shi. Bai san abin da yake faɗa ba, daɗin muryar ya ji, kuma marin zai koya masa ɓoyewa ne kawai. A zaunar da shi, a ce wannan ta su Maman wane ce, a cocinsu suke yin ta, mu ga tamu, a koya masa wata. Kada a zagi mutanen a gabansa, domin gobe zai maimaita a ƙofar gidansu. In a makarantar kuɗi ne ake sa yaran Musulmi addu'ar da ba tasu ba a taron safe, uban ya wanke ƙafa ya je ya ga shugaban makarantar da kansa, da sallama da girmamawa, kada ya aika uwar yaron. Waɗanda na san sun je, yawancinsu an saurare su. Wanda aka ƙi saurara kuwa, sai ya canja wa ɗansa makaranta a ƙarshen zango.