Gajiyar da Barci Ba Ya Warkarwa



Littafin Fitowa, sura ta 18, ya ba mu labarin ranar da Yetro ya ziyarci surukinsa Musa a jeji. Ya tarar da shi zaune yana yi wa jama'a shari'a tun safe har yamma, shi kaɗai. Dattijon bai yaba masa ba. Gargaɗi ya yi masa cewa zai ƙarar da kansa, ya kuma gajiyar da masu jiransa, sa'an nan ya ba shi shawara ya zaɓi amintattun mutane su rage masa kaya. Musa kuwa, da dukan girmansa, ya ji.

Da Yetro zai zaga birnin Katsina a yau, ba zai rasa waɗanda zai yi wa wannan gargaɗi ba. Ga ma'aikaciyar jinya da ta kwana a bakin aiki, gari ya waye babu mai canjinta. Ga ma'aikacin banki da aka ɗora wa adadin kuɗin da zai nemo kafin ƙarshen wata, in ya kasa a sallame shi. Ga malamin makaranta da aka tura Batsari ko Jibiya, kowace Litinin yakan shiga mota gabansa na faɗuwa, domin bai manta da watan Disamba na 2020 ba, sa'ad da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota da na abinci suka ninka. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a 2024, amma uwargida ta fi kowa sanin kwana nawa yake yi a hannu.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana wannan irin gajiya da alamu uku: ƙarfin mutum ya ƙare, zuciyarsa ta fita daga aikin har ya tsane shi, ƙwazonsa kuma ya ragu. Ta ce tushenta matsin wurin aiki ne wanda ya daɗe ba a magance shi ba. A 2022, tare da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta kiyasta cewa ana asarar kwanakin aiki biliyan 12 kowace shekara saboda ciwon damuwa da fargaba. A gidajenmu abin yakan fito ta wata fuska: rashin barci, hawan jini, maigida mai yi wa yara tsawa ba dalili, ko mai tsayawa gidan giya kafin ya iso gida.

Sau da yawa, idan ɗan'uwa ya yi ƙarfin hali ya faɗi abin da ke damunsa, sai mu ce bangaskiyarsa ce ta yi sanyi, ko mu ce wani ne a ofis ya yi masa sammu. Sai ya yi shiru, ya koma ciki da ciwonsa. Mu dubi annabi Iliya a Littafin Sarakuna na Ɗaya, sura ta 19. Bayan babban aikinsa a Dutsen Karmel ya gudu jeji, ya kwanta a gindin wani itace yana roƙon mutuwa. Allah bai tsawata masa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko mala'ika da gurasa da ruwa har sau biyu, sai daga baya ya yi magana da shi, ya kuma ba shi Elisha mataimaki. Addu'a tana da wurinta, likita ma yana da nasa. Wanda ya yi makonni ba barci, ko ya fara tunanin raba kansa da duniya, a raka shi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina ba tare da jinkiri ba. Babu abin kunya a ciki.

Ku masu ɗaukar ma'aikata, maganar ta fi shafar ku. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu, a wasiƙarsa ta 1981 a kan aikin ɗan Adam, ya koyar cewa an yi aiki ne domin mutum, ba mutum domin aiki ba, ya kuma lissafa hutun mako cikin haƙƙin ma'aikaci. Dokar ƙasa ma ba ta yi shiru ba: dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta tanadi diyya ga wanda aiki ya jefa cikin matsin tunani, a farkon 2023 kuma aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958.

Kafin mu nuna wa gwamnati yatsa, mu leƙa gidanmu. Ikilisiya ma tana da malaman makaranta, da masu gadi, da katikis da ke zaga ƙauyuka a kan babur. Yawancinmu kuma muna da yarinya mai aiki a gida, wadda take tashi kafin kowa, ta kwanta bayan kowa. Yaushe rabon da mu ba ta Lahadi guda ta huta? Muna roƙon kwamitin kowace majami'a, da Zumuntar Mata Katolika, su sa wannan batu cikin taronsu na wannan wata, su fara da albashi da ranakun hutun waɗanda suke yi mana aiki.