Faɗuwar Gaba: Raunin Imani ne ko Aikin Ƙwaƙwalwa?

A 1911 wasu likitocin jijiyoyi biyu a Landan, Henry Head da Gordon Holmes, suka wallafa bayanin majinyatan da cuta ta taɓa musu wani sashe na tsakiyar ƙwaƙwalwa mai suna talamus. Ɗaya daga cikinsu ya daina zuwa wurin ibadarsa, domin da zarar an fara rera waƙoƙin addini sai ɓarin jikinsa da ya samu matsala ya shiga wani hali da ba ya iya jurewa, ɗaya ɓarin kuwa lafiya lau. Mutum ɗaya, waƙa ɗaya, amma rabin jikinsa na shan azaba. Wanda bai san ciwonsa ba sai ya ce ya yi sanyi da addini.

Irin wannan hukunci ana yanke shi har gobe. Mai yawan firgita, ko wadda damuwa ta hana barci, sau da yawa abin da za su fara ji shi ne: "Rashin tawakkali ne." To, nawa ne daga cikin tsoron mutum yake hannunsa, har da za a auna imaninsa da shi?

Talamus curi biyu ne, kowanne tsawonsa kusan santimita 4, suna zaune can tsakiyar kai. Abin da ido ya gani, abin da kunne ya ji, taɓi da ɗanɗano, duk sai sun yada zango a nan kafin su isa ɓawon ƙwaƙwalwa, inda ake tantance su. Ƙamshi da wari ne kaɗai ke da tasu hanyar. Joseph LeDoux na Jami'ar New York ya nuna a jikin ɓeraye cewa akwai wata hanyar yanke daga talamus kai tsaye zuwa amigdala, sashen da ke buga ƙararrawar haɗari, kuma saƙon sauti kan ratsa ta cikin kusan kashi 12 cikin 1,000 na daƙiƙa. Jiki ya riga ya zabura kafin hankali ya tambayi mene ne. Hausawa sun daɗe da lura da haka, shi ya sa suka ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

A 'yan shekarun nan hankalin masu bincike ya koma kan wani siririn yanki da ke kwance a layin tsakiyar talamus, wanda suke taƙaita sunansa da PVT. A 2015 mujallar Nature ta fitar da bincike biyu a kansa. Ayarin Bo Li na Cold Spring Harbor a Amurka ya gano cewa yankin na aika wa amigdala wani sinadari mai suna BDNF, wanda ke kafa darasin tsoro. Da aka toshe saƙon sai ɓerayen gwajin suka kasa koyon tsoron yadda ya kamata. Ayarin Gregory Quirk na Jami'ar Puerto Rico kuma ya ga cewa tsoron da aka koya ɗazu ba ya buƙatar PVT, amma da ya kwana ya soma tsufa sai ya koma bi ta nan. A 2022 ɗakin binciken Kay Tye a Cibiyar Salk ya ƙara wani abu: sinadarin nurotensin da ke fitowa daga PVT yana cikin masu tantance ko za a ajiye wani abu a matsayin alheri ko sharri. Ɓerayen da aka cire wa shi a hanyar PVT zuwa amigdala sun yi rauni wajen koyon abin daɗi, amma suka ƙara ƙwarewa wajen koyon abin tsoro.

Duk waɗannan gwaje-gwaje a jikin ɓeraye aka yi su. Amma majinyatan Head da Holmes mutane ne, kuma sun isa shaida cewa lalacewar ɗan yanki kaɗan na ƙwaƙwalwa na iya sauya yadda mutum yake jin duniya.

Malaman Musulunci sun riga sun ja layi tsakanin abin da ke hannun mutum da abin da ba ya hannunsa tun kafin a san da PVT. Imam al-Ghazali, wanda ya rasu a 1111, ya kasa abin da ke gudana a zuciya kafin aiki zuwa matakai huɗu a cikin Ihya'u Ulumiddin: abin da ya ɗarsu, karkatar ɗabi'a zuwa gare shi, hukuncin zuciya cewa ya dace a yi, sai ƙudurin aikatawa. Biyun farko, a wurinsa, ba a kama bawa da su, domin ba da zaɓinsa suke zuwa ba. Hisabi yana farawa ne inda zaɓi ya shigo.

Tarihin annabawa ya fi kowane bayani fito da wannan a fili. Surorin Namli da Ƙasas sun ba da labarin Annabi Musa, lokacin da ya jefa sandarsa ya ga tana motsi kamar maciji: ya juya da gudu bai waiwayo ba. Kiransa aka yi, aka kwantar masa da hankali, aka ɗora masa manzanci. Annabi Yaƙub ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa Yusuf har idanunsa suka yi fari. Annabi Muhammad (SAW) ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu.

Mai jayayya zai kawo hadisin da ke cewa haƙuri na gaskiya yana lokacin bugun farko na musiba, ya ce ai ke nan ana son mutum ya mallaki wannan daƙiƙar. Sai dai wani hadisin, wanda aka ruwaito a ziyarar dubiyar Sa'ad bin Ubada, ya fayyace cewa ba a azabtarwa don hawayen ido ko baƙin cikin zuciya. Harshe ne abin kamawa. Abin da ake nema a bugun farko shi ne riƙe baki da hannu, ba hana gaba faɗuwa ba.

Wani kuma zai ja maganar zuwa ɗaya gefen, ya ce tunda komai sinadari ne, tarbiyyar rai ba ta da amfani. Shi ma PVT ɗin bai goyi bayansa ba. Seema Bhatnagar da abokan aikinta sun nuna a 2002 cewa ɓeran da ake takure shi kullum yakan saba, sinadaran damuwarsa su riƙa raguwa, amma in aka lalata ɓangaren baya na PVT sai sabon ya gagara. Wato yankin da ke riƙe tsohon tsoro yana da hannu wajen koyon juriya. Ƙwaƙwalwa tana horuwa da maimaici, abin da masu tarbiyya suka gina aikinsu a kai ƙarni da ƙarni. Horon dai yana buƙatar gaɓa mai lafiya, kuma gaɓa tana iya yin ciwo.

Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya haɗa ɓangarorin biyu, tarbiyyar rai da jinyar jiki, a littafinsa Masalihul Abdan wal Anfus. Ya raba baƙin cikin da ke da sanannen dalili, kamar rashin masoyi ko asarar dukiya, da wanda ke sauka haka kawai, wanda ya danganta da matsalar jiki. Na farko ya ce a yi masa magani da nasiha da gyaran tunani, har ya ba da shawarar mutum ya tanadi kyawawan tunani tun yana cikin natsuwa don ranar tashin hankali. Na biyu kuwa ya ce sai an haɗa da jinyar jiki. Ga mutanen da suka tsira daga rikicin arewa maso gabashin Nijeriya, waɗanda ƙarar babur ke tayar musu da tsoron shekaru goma baya, wannan rabe-raben na nufin limamin unguwa da likitan asibitin ƙwaƙwalwa na Maiduguri kowanne yana da nasa aikin a kan majinyaci guda.